Haramcin aikin dare ga mata: sashe na 55 da ma'aunin ƙwadago na duniya

Sashe na 55 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ya hana ɗaukar mace aikin dare a masana'anta ko a gona. A masana'anta, dare na nufin aƙalla awa 11 a jere, ciki har da tsakanin ƙarfe 10 na dare da 5 na asuba. An keɓe ma'aikatan jinya da matan da ke riƙe da muƙamin shugabanci waɗanda ba sa aikin ƙarfi.

Asalin haramcin daga Turai ne. Yarjejeniyar Berne ta 1906 ce ta fara kafa shi tsakanin ƙasashe, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauke shi a yarjejeniyarta mai lamba 4 a 1919, ta sabunta shi a 1934 da 1948. Hujjar ita ce kare lafiyar mace da tarbiyyar 'ya'yanta. Amma a 1990 ƙungiyar ta sauya hanya: yarjejeniya mai lamba 171 ta tanadi kariya ga duk mai aikin dare, namiji ko mace, da duba lafiyarsa, tare da ba mai ciki da mai jego wani aikin na tsawon aƙalla mako 16.

Kudancin birnin Kaduna ya nuna gurguncewar tsohon tsarin. Masaƙun unguwar Kakuri, irin su KTL da ta fara aiki a 1957, sun kasance suna juya ma'aikata dare da rana, kuma yawancinsu maza ne. Mai ɗaukar ma'aikata da ya san ba zai sa mace a zagayen dare ba, da wuya ya ɗauke ta tun farko. Yanzu mafi yawan masaƙun sun rufe. Matan unguwar Narayi da ke aikin dare kuwa suna asibitoci da otal-otal da rumfunan abinci a bakin titi, inda sashen bai kai ba. Damuwarsu ita ce abin hawa mai aminci bayan an tashi, da kuɗin aikin dare, da kariya daga cin zarafi.

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya saboda jinsi, Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniya mai lamba 111 kan wariya a wurin aiki a 2002, da mai lamba 190 kan cin zarafi a 2022. Sashe na 55 ya saɓa wa manufar dukansu, kuma ya kamata Majalisar Tarayya ta maye gurbinsa da tanadi irin na yarjejeniya ta 171.