Bono: mawaƙin da ya zauna da waɗanda ake gudu, da yadda zancen ya iso har bashin Nijar

Duk wanda ya yi wayo a karkarar Maradi, Damagaram ko Tawa a farkon shekarun 2000 zai tuna da ajujuwan makaranta da ƙananan ɗakunan shan magani da aka riƙa ginawa ƙarƙashin shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou. Kuɗin wannan aiki sun fito ne daga sassaucin bashin da aka yi wa Nijar a tsarin PPTE. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, cikin waɗanda suka yi ta kai da kawowa a fadojin Turai da Amurka don a yafe irin wannan bashi har da wani mawaƙin rok ɗan ƙasar Ailan, mai suna Bono, jagoran ƙungiyar U2. Kirista ne da bai taɓa ɓoye imaninsa ba, kuma hanyar da ya bi ita ce zama da mutanen da abokansa ke ƙyama. Tarihinsa yana ɗauke da tambaya mai nauyi: har ina mai addini zai iya haƙuri da wanda ya saɓa masa ba tare da ya sayar da abin da ya yi imani da shi ba?

Gida ɗaya, coci biyu

An haifi Paul David Hewson a birnin Dablin ranar 10 ga Mayu 1960. Mahaifinsa Bob ɗan Katolika ne, mahaifiyarsa Iris kuwa ƴar Furotesta. A Ailan ta wancan zamani irin wannan aure abin tsegumi ne, domin ɗarikun biyu ba sa ga maciji. Ranar Lahadi uban kan kai matarsa da ƴaƴansa maza biyu ƙofar cocinta, shi kuma ya wuce nasa. Yaron ya tashi yana ganin addini ɗaya yana raba iyayensa kowane mako.

A arewacin tsibirin kuwa, rabuwar ta kai ga zubar da jini. Rikicin Ailan ta Arewa, tsakanin masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, galibinsu Katolika, da masu son zama ƙarƙashin Birtaniya, galibinsu Furotesta, ya ci rayuka kusan 3,500 cikin shekaru 30. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a garin Derry. A watan Mayu 1974 bama-bamai suka tashi a Dablin da Monaghan, mutum 33 suka mutu. A watan Satumba na wannan shekara mahaifiyar Bono ta yanke jiki ta faɗi wajen jana'izar mahaifinta, bayan ƴan kwanaki ta rasu. Shekarunsa 14.

A makarantar Mount Temple, wadda ke karɓar ƴaƴan ɓangarorin biyu, ya haɗu da samari uku: Larry Mullen, Adam Clayton da David Evans wanda ake kira The Edge. A 1976 suka kafa ƙungiyar da ta zama U2.

Shalom

Maraici da neman madogara suka kai Bono, The Edge da Larry cikin wata ƙaramar ƙungiyar Kiristoci mai suna Shalom. Ba ta ƙarƙashin Katolika, ba ta ƙarƙashin babbar cocin Furotesta. Mabiyanta na taruwa a gidaje suna karatun Baibul da addu'a, suna ƙoƙarin rayuwa irin ta Kiristocin farko, masu gudun duniya. Mutane da yawa a Dablin na yi musu kallon masu wuce gona da iri. Adam Clayton, shi kam, bai shiga ba.

Wajajen 1981, lokacin faifansu na biyu mai suna October, sai wasu ƴan Shalom suka fara matsa musu cewa kiɗan rok da bautar Allah ba sa haɗuwa, har aka zo musu da zancen cewa Allah na son su ajiye kiɗan. Saura ƙiris ƙungiyar ta watse. Manajansu Paul McGuinness ne ya tuna musu cewa sun sa hannu a yarjejeniyoyin wasa, kuma cika alkawari ma addini ne. Daga ƙarshe suka bar Shalom, amma ba su bar imani ba. A faifansu na 1983 mai suna War akwai waƙar da suka gina a kan Zabura ta 40, wadda suka daɗe suna rufe wasanninsu da ita.

Abu biyu Bono ya ɗauko daga nan. Na farko, sanin Baibul da sanin yadda masu tsananin riƙo da addini ke tunani da magana, domin ya zauna cikinsu. Na biyu, tsoron duk wanda ke cewa shi kaɗai ke magana da yawun Allah. Su biyun nan suka yi masa jagora a sauran rayuwarsa.

Haƙurinsa yana da iyaka, kuma iyakar ita ce jini. Ranar 8 ga Nuwamba 1987 ƙungiyar IRA ta tayar da bam a wajen taron tunawa da mamatan yaƙi a Enniskillen, mutum 11 suka mutu. A daren, yana kan dandali a birnin Denver na Amurka, ya yi kaca-kaca da maharan da kuma ƴan asalin Ailan mazauna Amurka masu yabon gwagwarmayar bindiga daga nesa. Bayan shekara 11, a watan Mayu 1998, ana saura kwanaki a kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan yarjejeniyar zaman lafiya, ya fito dandali a Belfast tsakanin John Hume ɗan Katolika da David Trimble ɗan Furotesta, ya ɗaga hannuwansu sama tare. Kashi 71 cikin ɗari na masu zaɓe a Ailan ta Arewa suka amince da yarjejeniyar.

Durƙusa wa wada

Alaƙarsa da Afirka ta fara a 1985, bayan babban wasan Live Aid, lokacin da shi da matarsa Ali suka yi makonni suna aikin agaji a Habasha a lokacin yunwa. A ƙarshen shekarun 1990 ya shiga yunƙurin Jubilee 2000, wanda coci-coci da ƙungiyoyin farar hula suka kafa. Sunan ya samo asali daga Littafin Firistoci sura ta 25, mai zancen shekara ta hamsin da ake sakin bayi a mayar wa masu gona gonakinsu. Musulmi ma ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci, ta kuma fifita yafe masa. Yunƙurin ya tara sa hannun mutane sama da miliyan 20. A watan Yuni 1999 manyan ƙasashe suka yi alkawarin faɗaɗa yafiyar a taronsu na Kolon ta Jamus, a watan Satumba kuma Bono ya gana da Fafaroma John Paul na biyu kan batun.

Sai dai alkawari daban, kuɗi daban. Rabon Amurka sai majalisar dokokinta ta amince, kuma mai riƙe da kwamitin harkokin waje na majalisar dattawa shi ne Jesse Helms na jihar North Carolina. Helms jigo ne a cikin Kiristoci masu ra'ayin riƙau, maƙiyin ba ƙasashen waje tallafi, wanda a 1983 ya tsaya kai da fata don hana ware ranar hutu ta tunawa da Martin Luther King, mutumin da U2 ta yi wa waƙar yabo a 1984. A idon masoya kiɗan rok, babu wanda ya kai shi zama abin gudu.

A shekarar 2000 Bono ya je ofishinsa. Maimakon lissafin tattalin arziki, ya yi masa magana da harshen da ya koya a Shalom, wato ayoyin Baibul kan haƙƙin matalauci da mara lafiya. Zancen ya ratsa tsohon. A ƙarshen shekarar majalisar ta amince da dala miliyan 435 don yafe bashi. A 2001 aka ga Helms a wajen wasan U2 a Washington, a 2002 kuma ya fito fili ya ce yana jin kunyar rashin taɓuka abin kirki kan cutar sida a Afirka. A ƙarshen 2002 Bono ya zagaya tsakiyar Amurka yana shiga coci-coci da jami'o'in Kiristoci irin su Wheaton, inda da yawa ke ɗaukar sida azabar masu zunubi. A 2003 shugaba George W. Bush ya sanar da shirin PEPFAR na dala biliyan 15 cikin shekaru biyar.

Nijar ta shiga matakin farko na PPTE a Disamba 2000, ta kammala a Afrilu 2004. A 2005, shekarar da ƙarancin abinci ya addabi Maradi, Damagaram da Tawa, manyan ƙasashen G8 suka amince a soke bashin kusan dala biliyan 40 da ƙasashe 18 ke ɗauke da shi na FMI, Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka. Nijar na cikinsu. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ƙofar da Bono ya ƙwanƙwasa ƙofa ce da sauran ƴan gwagwarmaya suka ƙi zuwa.

Farin kan maɗaukin kanwa

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma an yi ta faɗa wa Bono haka. Ko a cikin U2 ba kowa ya ji daɗin hotunansa da Helms ba. Masu adawa da yaƙin Iraƙi na 2003 sun zarge shi da wanke Bush. A 2002 ya ziyarci shahararren mai wa'azi Billy Graham a gidansa, alhali ɗansa Franklin ya furta munanan kalamai kan Musulunci a ƙarshen 2001. Masaniyar tattalin arziki ƴar Zambiya, Dambisa Moyo, a littafinta na 2009 ta soki yadda taurarin Turai suka zama masu magana da yawun Afirka. A 2006 kuma U2 ta mayar da wani ɓangare na kasuwancinta Holan don rage haraji, abin da ya sa aka ce mai wa'azin kyauta ya riƙe hannunsa.

Ga Musulmi akwai abin da ya fi waɗannan ɗaci. A watan Agusta 1993 U2 ta fito da Salman Rushdie a kan dandalinta a Wembley, shekaru huɗu bayan fatawar Khomeini, daga baya ma ta rera waƙar da ya rubuta. A wajen Bono kare ran marubuci ne. A wajen miliyoyin Musulmi kuwa, ɗaukaka wanda ya taɓa mutuncin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mutumin nan ɗaya ne kuma, a rangadin wasanninsa na 2005 da 2006, ya riƙa ɗaura ƙyalle a goshi mai ɗauke da jinjirin wata, tauraron Yahudawa da gicciye. A Fabrairu 2006, a taron addu'a na shekara-shekara a Washington, gaban Bush da Sarki Abdullah na Jodan, ya kawo hujja daga Attaura, Linjila da Alƙur'ani yana neman Amurka ta ƙara kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin kuɗinta ga matalautan duniya.

Ba dole mai karatu ya yarda da duk inda ya sa ƙafa ba, ni ma ban yarda ba. Amma a duba yadda ya ja layinsa. Ya bar Shalom da ta nemi mallake shi, bai bar addu'a ba. Ya la'anci masu dasa bam ko da suna ikirarin kare mutanen ƙasarsa. Ya zauna da Helms ba tare da ya karɓi ra'ayinsa kan baƙar fata ba, ya nemi abu ɗaya a wajensa, ya kuma samu. Da ya bi shawarar abokansa ya tsare tsarkin sunansa, da an yaba masa a jaridu, amma da wuya dala miliyan 435 ɗin nan su fito a lokacin da suka fito. Wanda zai yanke masa hukunci ya auna duka biyun: hoton da aka ɗauke shi da Helms, da ajin da wani yaro ya shiga a ƙauyensu da kuɗin da a dā ake tura wa masu bin bashi.