Benjamin Ferencz: Sajan ɗin da ya share wa Kotun ICC hanya

Kafin a kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya (ICC) a birnin Heg, wani ɗan taƙin mutum ya kwashe shekaru yana kiran a kafa ta, ana yi masa kallon mai mafarki. Sunansa Benjamin Ferencz.

An haife shi a yankin Taransilbaniya a 1920, iyayensa Yahudawa suka yi ƙaura da shi zuwa Niyok yana jariri. A unguwar talakawa ya tashi, amma kaifin ƙwaƙwalwa ya kai shi Jami'ar Habad, inda ya kammala karatun lauya a 1943. Daga nan sai aikin soja. Ya yi yaƙi a Faransa, sannan a 1945 aka mayar da shi sashen binciken laifukan yaƙi a rundunar Janar Patton. Da idonsa ya ga gawawwaki jibge a sansanonin 'yan Nazi na Buchenwald da Mauthausen. Da muƙamin sajan ya tuɓe kaki.

Daga baya ya koma aikin binciken laifukan yaƙi a matsayin farar hula. A 1947 masu bincikensa a Balin suka tono rahotannin rundunonin kisa na 'yan Nazi, waɗanda ke rubuta adadin mutanen da suka harbe gari bayan gari. Ferencz ya zauna da na'urar lissafi yana tarawa, har jimillar ta haura miliyan ɗaya. Aka damƙa masa shari'ar jami'an rundunonin a Nuremberg yana ɗan shekara 27, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Takardun masu laifin ne suka ba da shaida a kansu, cikin kwana biyu ya rufe bayani. An samu mutum 22 da laifi, 14 aka yanke musu hukuncin kisa, huɗu aka rataye.

Amma kotunan Nuremberg na wucin gadi ne, kuma waɗanda suka ci yaƙi ne suka kafa su. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan. Ya shiga rubuta littattafai da bin taruka, yana neman kotu ta dindindin. A 1998 ƙasashe 120 suka amince da Yarjejeniyar Rum ta kafa irin wannan kotu, ƙasarsa Amurka kuwa ta ƙi. Kotun ta tabbata a 2002.

A 2011, yana ɗan shekara 91, ya yi jawabi a madadin masu gabatar da ƙara wajen rufe shari'ar farko ta kotun, ta madugun 'yan tawayen Kwango Thomas Lubanga, wanda daga baya aka ɗaure shekara 14 saboda sa yara aikin soja. Ferencz ya rasu a Fulorida ranar 7 ga Afrilu, 2023, yana da shekara 103.