Asalin Motar Mazda

A yammacin ƙasar Japan akwai wani birni a bakin teku, ana ce da shi Hiroshima. A nan ne aka kafa wani ɗan kamfani a shekarar 1920, mai suna Toyo Cork Kogyo. Ba ruwansa da mota a lokacin. Ɓawon itace yake sarrafawa, irin wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Ciniki ya ƙi, bashi ya taru, sai aka danƙa shi a hannun wani mutum wai shi Jujiro Matsuda.

Shi Matsuda ɗan masunci ne. Tun yana yaro ya tafi Osaka koyon ƙira, har ya ƙware a aikin ƙarfe. Da ya karɓi kamfanin, sai ya karkata akalarsa zuwa ga abin da ya iya. A 1931 suka fitar da motarsu ta fari, mai ƙafa uku, ta ɗaukar kaya, kusan irin A Daidaita Sahun nan tamu. Aka raɗa mata Mazda, don sunan ya yi kama da na maigidan, kuma akwai Ahura Mazda, abin bautar Farisawan dauri. Daga baya kamfanin ma ya ɗauki wannan suna.

Ana nan, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, masana'antar ta koma ƙera bindigogi. Ranar 6 ga Agusta 1945, wadda ta yi daidai da cikar Matsuda shekara saba'in, Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima. Birnin ya zama toka. Ɗan Matsuda guda ya mutu, haka ma ma'aikata da dama. Amma masana'antar ta tsira, saboda tana wajen kilomita biyar daga inda bam ɗin ya fashe, ga kuma tudun Hijiyama ya tare ta. Aka buɗe ƙofofinta ga masu rauni, gwamnatin lardi ma ta tare a ciki. Kafin shekarar ta fita, an koma ƙera mai ƙafa uku.

Sai a 1960 suka yi motar shiga ta farko, wata 'yar mitsitsiya mai suna R360. Ba a jima ba aka ji gwamnati na shirin haɗe kamfanonin mota su zama rukuni kaɗan. Tsuneji, ɗan Matsuda da ya gaje shi, ya san in aka yi haka manya za su haɗiye su. Dabarar da ya ga za ta fishshe su ita ce su mallaki abin da babu mai shi. Saboda haka a 1961 ya sayi izinin ƙera wani sabon inji na Bajamushe Felix Wankel.

Wannan inji ba shi da fistin mai hawa da sauka. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Ga shi ƙarami, ga ƙarfi, ga rashin jijjiga. Amma yana da cuta: in ya ɗan jima yana aiki, sai kusurwoyin su karce bangon injin, ya lalace. Injiniya Kenichi Yamamoto da mutanensa 47 suka duƙufa shekara da shekaru, suna gwada ƙarfe iri-iri, har suka dace da haɗin gawayi da alminiyam. A 1967 motar Cosmo Sport ta fito da shi.

To, abin da ya ɗaukaka su shi ya so ya kashe su, don injin akwai shan mai. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973, motoci suka yi kwantai. Bankin Sumitomo ne ya tallafe su, aka tura ma'aikatan masana'anta shagunan dillalai su taya sayarwa. A 1979 kamfanin Ford na Amurka ya sayi kusan rubu'in hannun jarinsu. Motar 323 ta 1980 ta karɓu ƙwarai, suka farfaɗo. A 1991 motarsu mai wancan inji ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, abin da wani kamfanin Japan bai taɓa yi ba kafin nan.

Da suka sake shiga matsi, Ford ya ƙara jarinsa zuwa sulusi a 1996, ya kawo nasa shugaba. Daga 2008 kuma ya fara janye jiki, har ya fita kakaf a 2015. Bayan shekara biyu suka ƙulla ƙawance da Toyota, amma ba su ba da kai ba.

Yau Mazda na sayar da mota miliyan ɗaya da 'yan kai a shekara, Toyota kuwa wajen miliyan goma. Duk da haka, bayan shekara ɗari da ɗoriya, hedkwatarta na nan a lardin Hiroshima, tana cin gashin kanta.