Daga Ungozoma Zuwa Mai Awon Dantse: Tarihin Ƙananan Ma'aikatan Yaƙi Da Tamowa A Yankinmu

Duk lokacin da ake ba da tarihin kiwon lafiya a Kazaure da Roni da Gwiwa da maƙwabciyarmu Ɓaɓura, akan fara ne da gine-ginen asibiti da sunayen likitoci. Ba kasafai ake tunawa da waɗanda ke matakin ƙasa ba, wato masu auna yara da rubuta kati da bin gida-gida, alhali kuwa su ne uwa ke fara gani idan ɗanta ya soma ramewa.

Kafin zuwan asibiti, ciyar da mai jego da jaririnta aikin tsofaffin gida ne da ungozoma. Su ke dama kunun kanwa, su ke tsayawa kan wankan jego har a yi arba'in, su ke yanke lokacin yaye, a kai yaro gidan kakarsa. A cikin wannan tsari akwai hikima, domin mai jego na samun hutu da abinci na musamman. Akwai kuma abin da ya cutar, musamman matse dakashi a zubar da shi da ɗura wa jariri ruwa tun ranar farko. Yaron da ya kumbura bayan yaye kuwa, sau da yawa akan danganta abin da iska ko maita. A shekarar 1933 ne wata likita mai suna Cicely Williams, da ke aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana wannan kumburi a matsayin ciwon rashin abinci mai gina jiki.

Ɗakunan shan magani na zamanin En'e sun fi mayar da hankali ga gyambo da zazzaɓi. Sai bayan taron Alma Ata na 1978, da kuma zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a matsayin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, kiwon lafiya matakin farko ya samu gindin zama. A wannan zamani ne ma'aikatan lafiya na karkara, manya da ƙanana, suka yawaita a ƙauyuka, da sikelin ratayawa da katin awo. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, da dama daga cikin 'ya'yanmu sun samu wannan horo a makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun. Sai dai a lokacin, abin da ma'aikaci zai iya bai wuce ya auna yaro ya yi wa uwa nasiha ba. Idan tamowa ta yi tsanani, sai a kwantar da yaron a babban asibiti, uwa ta bar gida da sauran 'ya'ya makonni, galibi kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa. Iyaye da yawa ba sa zuwa.

Canjin ya biyo ta arewa da mu. A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, tare da kamfanin Nutriset, suka haɗa wani abinci daga markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda ba ya buƙatar dafawa ko haɗawa da ruwa. Kowane ƙunshi gram 92 ne. A yunwar da ta afka wa Jamhuriyar Nijar a 2005, musamman yankin Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani da shi, mafi yawansu suna gidajen iyayensu. Abin lura a nan shi ne, gyaɗar da kakanninmu suka noma aka tara dalarta a Kano, ita ce ta dawo mana cikin leda daga Turai da sunan magani.

A 2009 Nijeriya ta fara wannan tsari na jinyar tamowa a gida da taimakon UNICEF, ba da daɗewa ba ya iso Jigawa. A 2010 MSF ta buɗe shirin kula da yara masu tamowa a asibitin Kazaure, daga baya kuma Gwiwa ta shiga cikin ƙananan hukumomin da shirin WINNN, wanda gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa daga 2011, ya yi aiki a cikinsu.

A nan ne aka samu sabon rukunin ma'aikata, 'yan sa-kai, maza da mata, waɗanda wasunsu ko sakandare ba su gama ba. Kayan aikinsu wani ɗan tsiri ne mai launi uku da ake zagaya wa dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. In awon ya gaza santimita 11.5, ja ke nan, tamowa ta yi tsanani. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Sukan kuma danna bayan ƙafar yaro na daƙiƙa uku, in wurin ya loɓa bai taso ba, akwai kumburi. Ranar awo, sau ɗaya a mako, ana gwada ko yaron zai iya cin abincin a gaban ma'aikaci. Wanda ya ci, a ba uwarsa na mako guda ta koma gida. Wanda ya ƙi, ko yake da zazzaɓi mai zafi ko amai, a tura shi kwanciya. Sashen da ya fi wuya, a ganinmu, shi ne bin sawun uwar da ta daina zuwa: ɗan sa-kai ya taka ko ya hau keke zuwa ƙauye, ya nemi izinin maigida, wani lokaci sai ya haɗa da mai unguwa kafin a saurare shi. Shi ne kuma zai yi ta bayani cewa ledar magani ce ta yaro ɗaya, ba ta rabawa ga yayyensa ba, balle a kai ta kasuwa, abin da ya sha faruwa a arewacin ƙasar nan saboda talauci.

Duk da wannan ɗawainiya, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ɗaya daga cikin adadi mafi yawa a Nijeriya a lokacin. Dalili a fili yake: ledar gyaɗa tana ceto yaron da ya riga ya faɗi, amma tsumburewa tana farawa ne tun daga ciki, daga abin da mai juna biyu ke ci. Wannan ne ya sa aikin ya karkata ga tara mata a koya musu shayar da nono zalla wata shida da haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa, tafarkin da shirin Masaki na gwamnatin jiha ya bi.

Mafi yawan 'yan sa-kan nan ba su taɓa shiga jerin masu albashi ba, ɗan kuɗin mota kawai ake ba su, shi ma yakan tsaya ranar da masu tallafi suka naɗe tabarmarsu. Muna ganin ya dace ƙungiyarmu ta tattara sunayensu gunduma-gunduma tun ana iya samunsu, sannan ta ware wani kaso na tallafin karatun da take bayarwa domin matasan cikinsu, musamman mata, da ke son zuwa Jahun su samu takardar shaidar aikin da suka daɗe suna yi.