Daga Wankan Jego zuwa Sashen Gashi a Ƙasar Kabi

Kula da jikin mace bayan haihuwa tsohon aiki ne a Argungu da Birnin Kebbi, kuma a da duk yana hannun ungozoma da tsofaffin gida. Mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta. Kwana 40 ana tafasa ruwa safe da yamma, a tsoma ganyen tsamiya ko darbejiya a riƙa fyaɗa mata a baya da mara, ta zauna cikin ruwan bagaruwa, ta sha kunun kanwa. Tsofaffi sukan ce jikin mai jego ɗanye ne, sai an gasa shi. Sun gane inda rauni yake, wato tsokokin ƙasan mara masu tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, amma zafi ba ya mayar wa tsoka ƙarfinta. Likitocin Zariya ma, a shekarun 1970, sun danganta yawan kanwa da tsananin zafi da ciwon zuciya a wajen masu jego.

Inda al'adar ta fi gazawa shi ne doguwar naƙuda. Idan kan jariri ya tokare kwana biyu ko uku, naman da ke tsakanin mafitsara da farji yakan mutu ya huje, yoyon fitsari ya biyo baya. Sau da yawa jijiyar ƙafa ma takan taɓu, mace ta tashi tana jan ƙafa. A ƙauyukan fadamar Rima, inda ruwan damina kan yanke hanya, jinkirin kai mai naƙuda asibiti ya fi muni.

Tiyatar yoyon fitsari ta samu gindin zama a Arewa a shekarun 1980, da aikin Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, a Babbar Ruga ta Katsina. A 2005 Kebbi na cikin jihohi huɗu inda hukumar UNFPA ta shirya gangamin tiyata na mako biyu, kuma cibiyar Gesse a Birnin Kebbi ce matattarar wannan aiki a jihar.

Ɗinki yakan toshe hujin, amma wasu matan fitsari ba ya daina zubo musu. Nan aikin sashen gashi na asibiti yake, wato masu gyara tsoka da atisaye. Ana koya wa mace ta matse tsokar ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga, ta saki, atisayen da likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948. Mai jan ƙafa kuma a motsa mata ita har ta iya takawa. Masu wannan ƙwarewa sun fi yawa a manyan asibitocin birni, nesa da matan karkara da suka fi bukatarsu.