Jiki magayi: tarihin hutu da gajiya a gasar NBA

Yau za mu koma baya kan wata gardama da ta daɗe a Amurka: wane ne gwani, wanda ba ya hutawa, ko wanda ya san lokacin hutu?

Kowace ƙungiya tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga nan sai wasannin fidda gwani, zagaye huɗu, kowane zagaye wanda ya riga cin wasa huɗu shi ne ya wuce. Ke nan sai ka ci wasa 16 kafin ka ɗaga kofi a watan Yuni, lokacin da ƙafafu sun riga sun yi nauyi.

A zamanin da, hutu abin kunya ne. A kakar 1961 zuwa 1962, Wilt Chamberlain yana buga minti 48.5 a kowane wasa in aka raba, alhali wasan kansa minti 48 ne. Ƙarin lokaci ne ya kawo rarar. Minti 8 kacal ya rasa duk kakar, shi ma don alƙali ya kore shi ne. A kakar ce ya ci maki 100 a wasa guda. Amma fa kofi bai zo hannunsa ba, Boston ta Bill Russell ta fidda shi a wasa na bakwai.

Labarun juriya sun ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. A 1970 Willis Reed na New York ya fito wasa na bakwai yana ɗingishi, ya jefa ƙwallo biyu na farko, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi. Ran 11 ga Yuni 1997, Michael Jordan ya shiga fili ba lafiya, ya ci maki 38 a kan Utah, har sai da Scottie Pippen ya tallabe shi. Hakeem Olajuwon ɗan Legas kuwa, da azumi a bakinsa aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995, kuma a shekarar Houston ta sake cin kofi.

To, sai Gregg Popovich, mai horar da San Antonio a lokacin, ya zo da wani lissafi. A Nuwamba 2012 ya sallami Tim Duncan, Tony Parker, Manu Ginobili da Danny Green gida ana shirin wasa da Miami. Shugaban NBA na lokacin David Stern ya fusata, ya ci tarar ƙungiyar dalar Amurka 250,000. Amma a 2014 San Antonio ta lallasa wannan Miami ɗin ta ɗauki kofi, kuma duk kakar babu ɗan wasanta ko ɗaya da ya kai minti 30 a wasa in aka raba.

Shekarar 2019 ta nuna fuska biyu a fili guda. Toronto, wadda shugabanta na lokacin Masai Ujiri a Zariya ya tashi, ta riƙa lallaɓa Kawhi Leonard, wasa 60 kawai ya buga cikin 82. Da aka shiga fidda gwani ya buga duka 24, ya ɗaga kofi, aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshe. A ɗaya ɓangaren, Kevin Durant na Golden State ya dawo wasa na biyar bayan wata guda yana jinyar sharaɓa. Bai cika minti 12 ba agararsa ta tsinke. Kaka guda cur bai taka fili ba.

Sai dai hutun ma yana da nasa ɓarna. Uba ya tara kuɗi ya kai ɗansa kallon gwani, ya tarar da shi zaune kan benci ba ciwon komai. Gidajen talabijin da suka zuba biliyoyi su ma ba su ji daɗi ba. Shi ya sa a 2023 NBA ta sa doka: wanda bai kai wasa 65 ba, kada ya sa rai da kyautar gwarzon shekara. Ƙungiyar da ta ajiye tauraronta ba hujja kuma, tarar farko dalar Amurka 100,000 ce.

Dokar ba ta kashe gardamar ba. A fidda gwani na 2025, agarar Damian Lillard ta tsinke, ta Jayson Tatum ta bi. Tyrese Haliburton na Indiana, wanda dama sharaɓarsa na ciwo, ya matsa ya buga wasa na bakwai, shi ma tasa ta tsinke tun kashin farko, Oklahoma City ta ɗauki kofi.

Mu a ganinmu, Jordan da Reed sun cancanci yabo, amma ana tuna su ne don sun yi kasada sun tsira. Durant da Haliburton irin wannan zuciyar suka yi, su jiki ne bai yarda ba. Kuma muddin masu ƙungiyoyi ba su rage wasa 82 ɗin nan ba, tunda kowane wasa kuɗin ƙofa ne, ƴan wasa ne za su ci gaba da biyan bashin da jijiyoyinsu.

Ku fa, me kuka gani? Allah ya ba mu lafiya.