Haruffa Masu Ƙugiya da Allon Madannai: Inda Gizo Ke Saƙar

Duk wanda ya saba tono tsofaffin takardun Hausa a kwamfuta ya san irin rubutun da ake cin karo da shi: «wa]anda», «}asa», «ha~aka», ko kuma «xaya», «qasa» da «vata». Mai rubutun ya san ƙa'ida sarai, kuma a takardar da ya buga a lokacin, ɗ da ƙ da ɓ sun fito da ƙugiyarsu tsaf. Abin da ya lalace daga baya ya samo asali ne daga dabarar da aka bi wajen shigar da haruffan, kuma ba za a gane ta ba sai an raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: lambar da na'ura ke adana harafi da ita, samfurin haruffan da ke zana shi a fuskar allo, da kuma allon madannai da ɗan yatsa ke taɓawa.

Ta fuskar lamba, an daɗe da gama magana. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kawai gare shi, kuma an yanka shi daidai wuyan Ingilishi. Amma tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu gurbinsa: ɓ na da 0253, ɗ na da 0257, ƙ na da 0199, ƴ na da 01B4, manyansu kuma 0181 da 018A da 0198 da 01B3. A manhajar Word ta Windows, wanda ya rubuta 0253 ya danna Alt da X tare zai ga ɓ ta bayyana nan take. Sai dai ba wanda zai rubuta littafi da wannan hanya, kuma a shekarun da aka fara buga Hausa da kwamfuta, manhajojin da ke hannun jama'a ba su iya aiki da waɗannan lambobi ba.

Shi ya sa aka nemi mafita a hawa na biyu. An ƙera samfuran haruffa na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, suka kuma yi wa maɗaba'u da marubuta rana ƙwarai. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron gurbi: a ɗauki madannin da Hausa ba ta cika buƙata ba, kamar baka ko q da x da v, a zana harafi mai ƙugiya a mazauninsa. Ido yana ganin ƙ, na'ura kuwa } ko q ta adana. Muddin takarda za a buga a kai kasuwa, babu laifi. Ranar da aka tura rubutun ga wanda ba shi da samfurin, ko aka ɗora shi a intanet, sai asiri ya tonu. A ganina ba daidai ba ne a zargi masu wannan dabara, domin da abin da ke hannu aka yi aiki. Abin zargi shi ne ci gaba da ita a yau, bayan dalilinta ya kau, don kawai hannun mai buga takardu ya saba.

Akwai wani abu game da haruffanmu da ya sa matsalar ta fi ta Faransanci ko Yarabanci tsauri. A wurin na'ura, é ta Faransanci e ce da aka ɗora wa alama, ẹ ta Yarabanci ma haka, ana iya warware su gida biyu. Ƙugiyar ƙ kuwa ba alama ce da aka liƙa wa k ba, harafi ne guda mai zaman kansa. Saboda haka manhajar bincike da ke cire alamomi don ta daidaita kalmomi ba lalle ta gane «ƙasa» da «kasa» da «k'asa» da «qasa» suna iya zama abu ɗaya ba. Kalma guda ta watse gida huɗu ko biyar, mai neman wani tsohon sharhi ya same shi ko ya rasa shi gwargwadon madannin da wani ya danna shekaru da suka wuce. Kuma barin ƙugiyar gaba ɗaya ba mafita ba ce: fada da faɗa, baki da baƙi, ba kullum jimla ke raba gardamarsu ba, balle a kanun labari da ke da kalmomi kaɗan.

Gyaran gaskiya yana hawa na uku, kuma ya fi yadda ake zato sauƙi. Windows na ɗauke da tsarin madannan Hausa a cikinsa. Ana shiga saitin harshe ne a ƙara shi. Daga nan madannai na nan yadda aka san su, sai dai idan aka riƙe Alt na hannun dama aka danna b, d, k ko y, harafi mai ƙugiya ya fito, a haɗa da Shift a sami babba. Hikimar wannan tsari ita ce bai ƙwace wa kowa q ko baka ba, kuma ƙwaƙwalwa ba ta wahala, tunda ɗ na zaune a gidan d. Yana da ɗan cikas: Windows na ɗaukar Alt na dama tamkar Ctrl da Alt a haɗe, Word kuma ya riga ya ware Ctrl da Alt da D don saka bayanin ƙarshen rubutu, don haka wani lokaci sai an cire wannan gajeriyar hanya kafin a zauna lafiya. Mai son tsari na dabam yana iya ɗauko Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta ce. A waya kuwa, Gboard da SwiftKey duk suna da Hausa.

Wayar ma tana da nata tarihin. Saƙon tes na ɗaukar haruffa 160 idan an tsaya kan haruffan tsarin GSM, amma ƙ guda ɗaya tak ta isa ta mayar da saƙon kan wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal. Wato mai kiyaye ƙa'ida kuɗin kati ya fi ci masa. WhatsApp ya kawar da wannan haraji, sabon da aka yi dai bai tafi ba.

Harafi na huɗu shi ya fi rikici, domin a kansa iyakar ƙasa ta ratsa. Nijeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Na Nijar harafi ne guda, na'ura ba ta ruɗewa da shi. Na Nijeriya kuwa ya dogara da alamar da manhaja ke ɗauka a matsayin buɗe zance, shi ya sa Word ke juya ta baibai a farkon «'yan» da «'ya'ya», wani lokaci kuma a ƙirga ta a wajen kalma. Unicode na da wata alamar, 02BC, wadda ake lissafa ta a matsayin harafi, amma kaɗan ne suka san da ita. A gefe guda, mutumin Zinder ko Maraɗi da kwamfutarsa ta zo da madannan Faransa masu farawa da AZERTY zai tarar tsarin Hausa na Windows an gina shi ne kan QWERTY, ya danna a ya ga q. Masu nazarin harshe, da ke buƙatar alamun karin sauti da tsawon wasali da r̃ irin ta ƙamusun Paul Newman na 2007, su ma wannan tsari bai wadatar da su ba.

Nauyin ya fi hawa kan inda ake buga rubutu da yawa: ɗakunan labarai, maɗaba'u, sassan Hausa na jami'o'i, da shagunan buga takardu da ke bakin ƙofarsu, inda ɗalibi ke kai kundinsa. Saita na'ura guda ba ya cin minti biyar. Tsofaffin fayiloli ma suna gyaruwa da umarnin nemo-ka-musanya, a mayar da } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, ~ zuwa ɓ. Masu q da x da v ne ke son a bi su a hankali, don kada sunan baƙo ko kalmar Ingilishi da ke cikin rubutun ta tashi da ƙugiyar da ba tata ba.